Fashin baƙi: Shin kafson siterol na tsirrai yana rage kolestarol, kuma yana kare zuciya?

Shin kafson siterol na tsirrai, wanda ake tallarsa a shagunan magani da shafukan sada zumunta da sunan yana wanke kitsen jini, zai iya tsayawa a madadin maganin da likita ya rubuta? Tambayar kan taso ne bayan mutum ya karɓo takardar gwaji ya ga an ja layi a ƙarƙashin LDL, wato nau'in kolestarol (kitsen jini) mai toshe jijiyoyi, aka kuma ce masa ga ƙwayar da zai riƙa sha kullum. Mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya da maganin da ba shi da ranar dainawa. Da zarar an nuna musu wani abu an ce daga waken suya aka ciro shi, sai zuciya ta karkata can.

Tambayoyi biyu ne a dunƙule a nan, kuma talla kan haɗe su wuri guda. Ta farko, yana rage kolestarol ɗin jini? Yana ragewa, kuma hujjar hakan tana da ƙarfi. Ta biyu, wanda ke shan sa ya fi tsira daga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki? Wannan kam har yau ba a yi babban gwajin da ya tabbatar da shi ba. Duk ruɗanin yana tsakanin waɗannan amsoshi biyu ne.

## Mene ne siterol ɗin tsirrai?

Kolestarol wani nau'in maiƙo ne da jikin mutum da na dabbobi ke buƙata. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, da shi ake haɗa ruwan matsarmama da sinadarin bitamin D da wasu sinadaran da ke tafiyar da haihuwa. Mafi yawansa jiki ne ke haɗa shi da kansa, musamman hanta. Matsala tana farawa ne idan wanda ke yawo a jini cikin ƙunshin da ake kira LDL ya yi yawa. Sannu a hankali yakan kutsa bangon jijiyoyin jini ya taru, jijiya ta ƙuntace. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa, idan a jijiyar zuciya ne sai bugun zuciya, idan a ta ƙwaƙwalwa ce sai shanyewar ɓarin jiki.

Su ma tsirrai suna da nasu maiƙon da ke yi musu irin wannan aiki, kuma siffarsa ta yi kama da ta kolestarol ƙwarai, bambancin ɗan ƙari ne a jelar ginin. Shi ne siterol. Waɗanda aka fi samu su ne beta-sitosterol da campesterol da stigmasterol. Akwai ɗan'uwansu da ake kira sitanol, wanda aikinsu kusan ɗaya ne. Kowa yana cin su kullum ba tare da ya sani ba, a man gyaɗa da man masara da riɗi da wake da hatsi, kimanin miligiram 150 zuwa 400 a rana. Wanda ake zubawa a kafso da bota da yogot kuwa ana tato shi ne daga ragowar tace man waken suya da makamantansa, ko daga wani mai da ke fita idan ana sarrafa itacen fayin domin yin takarda.

Abin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 aka gano yana rage kolestarol, har kamfanin Eli Lilly na Amurka ya sayar da shi a matsayin magani da sunan Cytellin. Sai dai ba ya narkewa da kyau, sai an sha mai yawan gaske, don haka ya ɓace daga kasuwa. Masana a ƙasar Finlan ne suka farfaɗo da shi, da suka gano cewa idan aka ɗaure shi da maiƙon man girki yana narkewa a cikin bota. A 1995 kamfanin Raisio ya fito da botar Benecol, kuma a shekarar ce Farfesa Tatu Miettinen da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 153 a yankin Kareliya ta Arewa, inda LDL ya sauka da kusan kashi 14 cikin 100 bayan shekara guda.

## Abin da ke faruwa a cikin hanji

Siterol ba ya shiga jini ya wanke komai. Aikinsa a ƙaramin hanji yake farawa, a nan kuma yake ƙarewa.

Idan mutum ya ci abinci mai maiƙo, matsarmama takan matse ta zubo ruwanta cikin hanji. Wannan ruwa yana dunƙule maiƙo zuwa wasu ƙananan ƙwallaye, su ne ke ɗaukar kolestarol su kai shi bangon hanji a tsotse shi. A ɗauke su tamkar kwale-kwalen fito mai ƙayyadaddun wuraren zama: idan siterol ya cika gaɓa, shi ma zai shiga ya zauna, sai a bar wani kaso na kolestarol a baya, ya wuce ya fita a bayan gida. Da giram 2 a rana, kolestarol ɗin da hanji ke tsotsa kan ragu da kashi 30 zuwa 40 cikin 100.

Shi kansa siterol ɗin, idan ya shiga bangon hanji, akwai wasu ƙofofi biyu masu suna ABCG5 da ABCG8 da ke tunkuɗo shi waje. Shi ya sa a yayin da jiki ke tsotse kusan rabin kolestarol ɗin da ya iso hanji, abin da ke shiga jini na siterol bai kai kashi 5 cikin 100 ba, na sitanol ma bai kai kashi 1 ba.

Akwai abin da mutane kan tsallake a nan. Yawancin kolestarol ɗin da ke hanji ba daga abinci ya zo ba. Hanta ce ke zubo shi ta ruwan matsarmama, kusan giram guda a rana, ninki biyu ko uku na abin da mutum ke ci, sannan jiki ya sake tsotse shi. Don haka ko wanda ya bar cin ƙwai da kayan ciki, siterol zai iya yi masa aiki. Idan hanta ta ga abin da ke dawo mata ya ragu, sai ta ƙara janyo LDL daga jini, lambar ta sauka. Amma tana kuma ƙara haɗa nata kolestarol ɗin domin cike giɓi, kuma wannan ramuwar ce ta sa tasirin siterol yake da iyaka. Magungunan statin kuwa, waɗanda likitoci suka fi rubutawa don rage kolestarol, ita hantar suke taka wa burki kai tsaye, shi ya sa ƙarfinsu ya fi.

## Nawa yake ragewa?

Alƙaluman da Tarayyar Turai ta amince a rubuta a jikin kaya su ne: giram 1.5 zuwa 2.4 a rana yana rage kolestarol da kashi 7 zuwa 10 cikin 100, giram 2.5 zuwa 3 kuma kashi 10 zuwa 12.5, cikin mako biyu zuwa uku. Bayan giram 3 ƙarin amfanin kaɗan ne, kuma dokarsu ta ce a gargaɗi mai saye kada ya wuce nan. Ba ya ɗaga HDL, wanda ake kira mai kyau, kuma abin da yake yi wa tiraigilisarid, wani nau'in kitsen jini dabam, bai taka kara ya karya ba. Idan aka daina sha, cikin 'yan makonni lambar ke komawa inda take.

A ɗauki mutumin da LDL ɗinsa ke miligiram 160, wato kusan 4.1 a ma'aunin milimol da wasu ɗakunan gwaji ke amfani da shi. Siterol zai iya sauko da shi zuwa wajen 144. Statin mai matsakaicin ƙarfi yana rage kashi 30 zuwa 49, mai ƙarfi kuma rabi ko fiye. Idan wannan mutum ya taɓa samun bugun zuciya, ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 tana son a kai shi ƙasa da 55. Daga 160 zuwa 55 ba tafiyar siterol ba ce. Irin wannan majiyyaci idan ya ajiye maganinsa ya koma kan kafso, ya saki reshe ne ya kama ganye.

Inda kashi 10 ɗin ke da daraja shi ne a bisa statin. Ninka yawan statin ba ya ninka aikinsa, kimanin kashi 6 kawai yake ƙarawa. Tunda siterol ta wata hanya dabam yake bi, ƙara shi a kan statin kan ba da kusan kashi 10, wato ya fi ninka ƙwayar. Amma wanda ke shan ezetimibe, maganin da shi ma hanji yake tsarewa, ƙarin da zai samu kaɗan ne.

## Me ya sa wasu ke sha ba sa ganin canji?

Dalili na farko adadi ne, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi. A juya robar a karanta bayanta. Idan kafso ɗaya yana ɗauke da miligiram 500, sai an sha huɗu a rana kafin a kai giram 2. Roba mai ƙwaya 60 ke nan ta kwana 15 ce, ba ta wata biyu ba kamar yadda mai shan ɗaya a rana yake zato. A kuma lura ko lambar da aka rubuta ta ƙwaya ɗaya ce ko ta biyu a haɗe, domin kamfanoni da yawa na ƙwaya biyu suke rubutawa.

Sai batun nauyin da aka ƙirga. Idan an rubuta "sterol esters", ana nufin siterol ɗin da aka ɗaure da maiƙo, kuma nauyin maiƙon yana cikin lissafin. Kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai ainihin siterol. Miligiram 1,000 na irin wannan daidai yake da kimanin 600, don haka mai neman giram 2 yana buƙatar sama da giram 3 kaɗan. Akwai kuma kafson beta-sitosterol da ake sayar wa dattawa saboda wahalar fitsari ta kumburin furostet. Abin da aka gwada a wannan fanni miligiram 60 zuwa 130 ne a rana, wanda ko kusa bai isa ya taɓa kolestarol ba.

Dalili na biyu lokacin sha ne. Wanda ya haɗiyi kafson da sassafe da ruwa cikinsa wayam, ko da dare lokacin kwanciya kamar yadda ya saba da sauran magunguna, ya rage masa ƙarfi sosai. Sai da abinci matsarmama ke matsewa, idan ba ta matse ba kuwa babu kolestarol ɗin da za a yi gogayya da shi. A sha shi a tsakiyar babban abinci mai ɗan maiƙo, kamar tuwo da miya ko shinkafa da wake da mai. A raba shi gida biyu, rana da dare. A watan azumi, lokacinsa shi ne abincin buɗa-baki, ba dabino da ruwan farko ba, sai kuma sahur.

Na uku, yadda aka haɗa shi. Garin siterol zalla da aka danna ya zama ƙwaya mai tauri ba lallai ya narke a kan lokaci ba. Mafi yawan gwaje-gwajen da suka nuna amfani an yi su ne da bota da yogot da madara. Kafso mai kyau yana iya yin daidai da su, amma ingancin kafso ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ita botar kuma sai an ci giram 20 zuwa 30 a rana, kuma amfaninta shi ne ta maye gurbin man shanu ko botar da aka saba, ba a ƙara ta a kansu ba.

Na huɗu, jiki ya bambanta. Wasu jikinsu ya fi dogara da tsotso daga hanji, su ne suka fi amfana. Wasu hantarsu ce ke haɗa mai yawa, su kam canjin da za su gani kaɗan ne ko babu. Akwai kuma waɗanda hawan kolestarol ɗinsu alama ce ta wata cuta dabam, kamar raunin tayirod, wato ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, ko ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari. Irin waɗannan tushen ake magancewa.

## Inda masana suka rabu

Masu goyon baya suna cewa an riga an tabbatar LDL sanadin toshewar jijiya ne. Gwaje-gwajen statin da aka tattara sun nuna cewa duk ragin milimol 1, wato kimanin miligiram 39, yana rage manyan matsalolin zuciya da jijiya da kusan kashi 22 cikin 100. A wannan lissafi, ragin miligiram 16 da muka gani a sama zai rage haɗari da kusan kashi 9. A kan irin wannan hujja hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda tun shekarar 2000 a rubuta cewa kayan siterol za su iya rage haɗarin ciwon zuciya. Ƙa'idar Turai ta 2019 ita ma ta ce za a iya duba yiwuwar amfani da shi ga rukuni uku: masu hawan kolestarol da haɗarinsu bai kai na shan magani ba, masu shan statin da ba su kai inda ake so ba, da masu hawan kolestarol na gado, manya da yaran da suka haura shekara 6.

Ɗaya ɓangaren yana cewa lissafi dabam, gani da ido dabam. An taɓa samun magungunan da suka gyara lambobin gwaji amma ba su rage mace-mace ba. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar aiki, ta ce kada a ba mutane shawarar shan siterol ko sitanol domin rigakafin ciwon zuciya, saboda rashin wannan hujja.

A 2022 asibitin Cleveland Clinic na Amurka ya fitar da sakamakon gwajin SPORT. An raba mutum 190 rukuni-rukuni na tsawon kwana 28: wasu maganin statin mai suna rosuvastatin miligiram 5, wasu ƙwayar da ba magani a cikinta, sauran kuma man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkur, jar shinkafa mai yis, ko siterol. Rosuvastatin ya rage LDL da kusan kashi 38, kuma babu ko ɗaya cikin shidan da ya nuna bambanci na a-zo-a-gani da ƙwayar da ba komai a ciki. Adalci shi ne a faɗi cewa kowane rukuni bai wuce mutum ashirin da 'yan kai ba, kuma kamfanin da ke yin rosuvastatin ne ya ɗauki nauyin aikin. Gwajin bai rushe tarin binciken da ya gabace shi a kan siterol ba, amma ya nuna girman tazarar da ke tsakaninsa da statin ko da mafi ƙanƙantar awo.

Damuwa ta ƙarshe ita ce ɗan abin da ke shiga jini. Akwai wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, sitosterolemiya, wadda aka fara bayyanawa a 1974. Masu ita ƙofofin nan biyu na hanji ba sa aiki, siterol yakan taru a jininsu ninki goma-goma, ƙulluttukan maiƙo su fito musu a gwiwa da agara, ciwon zuciya ya kama su tun suna matasa. A 2020 masu binciken gado a ƙasar Aisilan sun ruwaito cewa ko mutanen da ƙofofinsu ke da ɗan rauni kawai suna da haɗarin da ya zarce abin da kolestarol ɗinsu kaɗai zai bayyana. Wasu bincike da aka tattara kafin nan kuwa ba su ga alaƙa tsakanin siterol ɗin jini da ciwon zuciya ba. A ganina wannan bai isa ya tsorata wanda likita ya ga dacewar ya sha ba, amma ya isa ya hana mai lafiyayyen kolestarol shan sa don kawai rigakafi.

## Waɗanda ya kamata su kauce masa

Masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, dokar Turai ta wajabta a rubuta cewa bai dace da su ba. Haka mai sitosterolemiya, da duk wanda kolestarol ɗinsa ke daidai. Wanda LDL ɗinsa ya kai 190 ko fiye, musamman idan a danginsa akwai wanda zuciya ta buga wa da ƙuruciya, wurin likita ya kamata ya nufa, domin wataƙila na gado ne, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300.

Illolinsa na yau da kullum marasa tsanani ne, kumburin ciki ko sauyin bayan gida. Yana kuma rage sinadarin beta-karotin a jini, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Ana cike wannan da karas da kabewa da gwanda da mangwaro da ganye irin su zogale da alayyafo a kullum.

## Abin da ya shafi mai saye a nan gida

Ana yawan tambaya ko riɗi da gyaɗa za su wadatar. Riɗi yana cikin abincin da ya fi kowanne siterol, kimanin miligiram 400 a giram 100. Kafin a kai giram 2 ke nan sai an ci rabin kilo a rana, abin da kuzarinsa ya zarce buƙatar yini guda ta yawancin manya. Amfanin riɗi da gyaɗa ta wata fuska yake zuwa: idan suka maye gurbin kitsen nama da man shanu, LDL yana sauka. A 2003 Farfesa David Jenkins na Jami'ar Toronto ya gwada haɗa siterol da furotin waken suya da almon da abinci mai yauƙi, ciki har da kuɓewa da yalo. Cikin wata guda LDL ya sauka da kusan kashi 29, dab da abin da maganin statin mai suna lovastatin ya yi a gwajin. Da aka bar mutane suka riƙa dafa wa kansu a wani gwaji na baya, ragin ya tsaya wajen kashi 13. Kuɓewa da wake da awara dai ba baƙi ba ne a tukunyarmu.

Kafson siterol yawanci shigo da shi ake yi, kuma wanda zai sha cikakken awo kullum zai iya kashe fiye da kuɗin statin na gama-gari irin atorvastatin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma sani cewa rajistar kayan ƙarin abinci ba shaida ba ce ta cewa an gwada su a kan majiyyata kamar magani. A Amurka ma, tun dokar 1994, irin waɗannan kaya ba sa buƙatar amincewar hukuma kafin su shiga kasuwa.

Sannan kada kolestarol ya ɗauke hankali daga abin da ya fi kisa a yankinmu. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki, matsalar kitsen jini tana biye. Siterol ba ya taɓa hawan jini ko ciwon suga.

Wanda ya yanke shawarar gwadawa, ya fara da gwajin jini kafin ya sha ko ƙwaya ɗaya, ya sanar da likitansa, kada kuma ya taɓa maganin da yake kai. Ya sha giram 2 a rana tare da abinci ba fashi, ya koma ɗakin gwajin da ya fara zuwa bayan mako 6 zuwa 8. Komawa wuri ɗaya yana da muhimmanci, domin LDL kan ɗan yi sama da ƙasa tsakanin gwaji da gwaji, kuma bambancin na'urori zai iya haɗiye ragin kashi 10 ɗin gaba ɗaya. Idan sakamakon ya rikice, a maimaita sau ɗaya. Idan gwaji biyu a jere ba su nuna sauka ba, a daina saye, a koma wa likita da takardun duka a duba mataki na gaba.